Aya Ɗaya Kowace Safiya: Tarken Littattafan Ibadar Kullum na Kirista

Duk ɗalibin da ya taɓa zama ajin rubutun zube ya san inda akan ɗauko bakin zaren tarihi. Akan fara da Hukumar Fassara, a gangaro kan gasar 1933 wadda ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, daga nan sai Magana Jari Ce, sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Wannan duk daidai ne. Sai dai akwai wani ƙaton littafi da ya riga waɗannan fitowa da boko, wanda ba kasafai akan ambace shi a aji ba, in ma an ambata to a gurguje ne. Wannan shi ne Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa a 1932. Likita Walter Miller, wanda Zazzagawa suka fi sani da Likita Mila, yana cikin manyan waɗanda suka yi ɗawainiyar fassara shi. Tun kafin shi ma, wani Bajamushe mai suna J. F. Schön ya fitar da Bisharar Matiyu da Hausa a 1857. A 1979 kuma aka fitar da wata sabuwar fassara da Hausa mai sauƙi.

Wannan babban littafi ya haifi wasu ƙanana, su ne littattafan ibadar kullum, irin su Abincin Yini na ekklisiyar ECWA. Kowace shekara akan buga sabo, kowace rana da shafinta. Irin waɗannan littattafai ana karanta su da sassafe a gidaje masu yawa a Filato da kudancin Kaduna da Bauchi da Gombe da Adamawa da Taraba, da kuma garuruwan Hausawa Kirista irin su Wusasa. In dai ana maganar zuben Hausa da ake karantawa kullum ba fashi, da babbar murya, iyali na zaune suna saurare, to da wuya a tsallake su. Amma mu masu nazarin adabi mun tsallake su.

Nufina a nan shi ne in dube su da idon mai tarke, kamar yadda mukan dubi ƙagaggen labari ko rubutacciyar waƙa. Batun aƙida na masu shi ne, ba shi ya kawo mu ba. Haka kuma ba wani littafi guda na sa a gaba ba, nau'in ne gaba ɗaya.

Zubi da tsari

Wanda ya ga shafi ɗaya ya ga saura. A sama akwai kwanan wata, sai kan magana, sai a nuna wurin da za a buɗe a Littafi Mai Tsarki a karanta 'yan ayoyi. Daga cikinsu akan zaro ɗaya a kafa ta a sama kamar tuta, ita ce ta haddacewa. Bayan haka sai ɗan bayani na sakin layi biyu ko uku, wanda sau da yawa yakan soma da wani labari na zaman duniya, ya gangaro kan ayar, ya ƙare da gargaɗi ga mai karatu. A ƙasa kuma sai gajeriyar addu'a.

Kada mai karatu ya raina wannan tsari don ƙanƙantarsa. An yi shi ne daidai da manomin da yake sauri ya riga rana zuwa gona, da ma'aikaciyar asibitin da ta kwana a bakin aiki, da yaron da zai karanta wa kakarsa wadda ba ta yi boko ba. Da yawa daga cikin masu karatun ma Hausa ba ita ce harshensu na farko ba, saboda haka dole a sauƙaƙa ta. Marubucin da ya iya cusa magana mai ma'ana cikin rabin shafi, ya kuma maimaita haka sau 365, ba ƙaramin gwani ba ne. Duk wanda ya taɓa kawo wa mujallar nan rubutu edita ya mayar masa ya ce ya rage rabi, ya san abin da nake faɗi.

Jigon waɗannan shafuka kuwa ɗaya ne ko da yaushe, wato juya "su" zuwa "ni". Abin da aka faɗa wa wasu mutane a wata ƙasa mai nisa, shekaru dubu biyu ko fiye da suka wuce, ana so ya zama abin da ake faɗa wa mai karatu yau da safe, game da matarsa da bashinsa da maƙwabcinsa. Kirista suna kiran zurfafa tunani a kan nassi bimbini, masu zaman zuhudu na Turai a da can kuwa suna kwatanta shi da saniya mai tuƙa. Tambayar da ta shafi mai tarke ita ce, ta wace hanya ake yin wannan juyi, kuma me ke zubewa a hanya?

Hanyoyi biyu

Kafin a amsa, ya kamata a san cewa ita kanta ayar baƙuwa ce a cikin littafin. Waɗanda suka rubuta Bishara da wasiƙu ba su sa musu lambobi ba. Raba Littafin babi babi kamar yadda yake a yau ana jingina shi ga Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila, a farkon ƙarni na 13. Malaman Yahudawa sun daɗe da sa alamun tsayawa a nasu nassin, amma lambobin ayoyin Sabon Alkawari sai a 1551 suka bayyana, a bugun wani maɗaba'i Bafaranshe mai suna Robert Estienne a Janiba. Ke nan an shafe shekaru kusan dubu da ɗari biyar ana karanta wasiƙun Bulus ba tare da wani ya san akwai wata aba wai ita aya ta 13 ba. An sa lambobin ne don sauƙin nemo wuri, amma da zarar an yanka ƙyalle gunduwa gunduwa, sai kowa ya ga ai yana iya ɗaukar gunduwa ɗaya ya tafi da ita.

Daga nan karatun kullum ya rabu hanya biyu. Ta farko zan kira ta hanyar sauka, wato a bi littafi daga farko zuwa ƙarshe. Ita ce tsohuwar hanya. Ƙa'idar Benedikt ta ƙarni na 6 ta sa masu zuhudu su sauke Zabura 150 duk mako. Littafin Addu'a na cocin Ingila na 1549 ya shimfiɗa ta a wata guda. A 1842 wani matashin fasto a Sikotilan, Robert Murray M'Cheyne, ya tsara wa jama'arsa jadawali na wajen babi huɗu a rana, yadda a shekara mutum zai sauke Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura kuwa sau biyu. Shi da kansa ya gargaɗe su cewa tsarin na iya zama al'ada kawai, ko kaya mai nauyi.

Ta biyu ita ce hanyar tsince. A 1728, a wani ƙauye mai suna Herrnhut a Jamus, wani basarake, Zinzendorf, ya fara ba jama'ar Morabiyawa wata 'yar magana ta riƙewa kowace rana. A 1731 aka fara buga irin waɗannan na shekara guda a littafi, kuma har yau ana bugawa, ayar Tsohon Alkawari ma da ƙuri'a ake fitar da ita. Wannan hanya ce ta yi rinjaye a littattafan da muke magana a kansu. Wayar hannu kuma ta kai ta ƙarshenta, don manhajoji irin su YouVersion, wadda ta fito a 2008, suna turo wa mutum ayar yini ita kaɗai a fuskar waya, babu na samanta babu na ƙasanta.

Sai mu yi ɗan lissafi. Littafi Mai Tsarki na Furotesta yana da babi 1,189, ayoyinsa kuwa sun haura 31,000. Wanda ke ɗaukar aya ɗaya a rana sai ya yi shekara 85 kafin ya ƙare. Saboda haka dole a zaɓa, mai zaɓen kuwa ya zama wani ɓoyayyen mawallafi, shi ke yanke abin da mai karatu zai ji da abin da ba zai taɓa ji ba.

Wa ke magana?

Abu na farko da kan zube a hanyar tsince shi ne mai magana. Duk ɗalibin shekarar farko ya san cewa abin da tauraro ya faɗa a cikin labari daban, ra'ayin mawallafi daban. Ba wanda zai ɗauki makircin Waziri a Magana Jari Ce ya ce ga shawarar Abubakar Imam, ko ya haddace wata ƙaryar Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja ya ce ya sami darasin yini. To, amma irin wannan kuskure yana da sauƙin aukuwa ga mai tsintar aya.

Alal misali a ɗauki littafin Ayuba. Babi 42 gare shi, kuma mafi yawansa muhawara ce cikin waƙa tsakanin Ayuba, wanda ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya, da abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, waɗanda suka zo jaje suka ɓuge da tuhuma. Hujjarsu ita ce bala'i ba ya sauka haka nan, lalle akwai abin da Ayuba ya aikata. Mawallafin kuwa ya riga ya shaida mana tun babi na farko cewa Ayuba mutumin kirki ne, saboda haka mu masu karatu mun san abin da abokan ba su sani ba, kuma a nan daɗin littafin yake. A babi na 22 Elifaz ya kai ga ƙaga wa Ayuba laifuffuka, wai ya hana mai ƙishi ruwa, ya kori gwauraye hannu wofi. Sannan ya sassauta murya ya shiga yi masa nasiha mai daɗin ji, cewa in ya daidaita da Allah alheri zai dawo masa, abin da ya ƙudurta kuma zai tabbata. Waɗannan ayoyi na ƙarshen babin in aka zare su su kaɗai, sun yi kama da ayar yini ƙwarai, aya ta 28 ma ta shahara a bakin masu addu'a a Nijeriya. Amma a babi na 42 Allah ya yi fushi da Elifaz da abokansa biyu, domin ba su faɗi daidai game da shi ba, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a.

Yanzu a dubi majiyyacin da ya yi wata shida a kwance, aka karanta masa nasihar Elifaz da safe a matsayin saƙonsa na yini. Me zai fahimta? Zai fahimci cewa da ya gyara tsakaninsa da Allah da ya warke, tun da bai warke ba ashe laifin nasa ne. Wato an miƙa masa ainihin ra'ayin da aka rubuta littafin don a rushe shi.

Ku, kai, ke

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ba ni sha'awa, domin a nan ne Hausa take da abin faɗi na kanta. Turancin yau kalma ɗaya yake da ita ga wanda ake magana da shi, ko mutum ɗaya ne ko taro, ko namiji ko mace. Turancin da, irin na fassarar Sarki James ta 1611, yana bambanta tilo da jam'i, amma na yanzu ya yar da wannan. Ibrananci da Helenanci, harsunan asalin Littafin, suna bambantawa. Hausa ma haka, har da jinsi, domin ba yadda za ka yi magana da mutum ba ka zaɓi kai ko ke ko ku ba. Ke nan mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa yana ganin abin da mai karanta shi da Turancin zamani ba ya gani.

A duba Luka babi na 22, ayoyi na 31 da 32, inda Yesu yake magana da Bitrus a daren da za a kama shi. A jimla ta farko, da yake faɗin jarrabawar da ke tafe, wakilin sunan jam'i ne, ya haɗa almajirai duka. A jimla ta biyu, da yake faɗin wanda ya yi wa addu'a, sai ya koma tilo, ya ware Bitrus shi kaɗai ya ɗora masa nauyin ƙarfafa saura. Armashin wurin gaba ɗaya yana cikin wannan sauyi daga ku zuwa kai. Bature na yau sai an yi masa bayani a ƙasan shafi, Bahaushe kuwa kunnensa ne zai gaya masa.

Abin takaici shi ne, sau da yawa nassi yakan riƙe wannan bambanci, amma bayanin da ke ƙarƙashinsa ya zubar da shi. Babu misalin da ya kai Irmiya babi na 29, aya ta 11, wadda take cikin ayoyin da aka fi rubutawa a katin gaisuwa da bayan mota. Tana magana ne a kan kyakkyawan nufin da Allah yake da shi, na zaman lafiya da makoma mai kyau. To, amma da wa ake? Ayar tana cikin wasiƙa ce da Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Akwai masu yi musu albishir cewa sun kusa komawa gida. Irmiya ya ce ƙarya ne. Ya ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar, su kuma roƙa wa birnin da ya bautar da su zaman lafiya, domin sai an cika shekara 70. Wanda ya ji wannan wasiƙa yana ɗan shekara 40 ya san a Babila za a binne shi. Alkawarin na al'umma ne, jikoki ne za su ci moriyarsa, kuma wakilin sunan da ke cikinsa ku ne.

Sai mai bayani ya zo ya mayar da ku ɗin nan kai. Ya ce Allah yana da shiri dominka, za ka ci jarrabawa, za ka sami aiki. Ɗalibin da ya karanta wannan a watan jarrabawa zai ji daɗi, ba shakka. Amma in sakamako ya fito ya faɗi fa? Ayar da aka rubuta don ta riƙe mutane shekara 70 cikin baƙin ciki, an mayar da ita abin da zai karye cikin wata uku. A ganina ainihin wasiƙar ta fi amfani ga mai karatu na yau nesa ba kusa ba, musamman wanda rikici ya raba da garinsu yake zaune a inda bai zaɓa ba. Shi ne zai gane nauyin a ce masa ya dasa itace a ƙasar baƙunci.

Akwai kuma matsalar jinsi. Marubucin Turanci yana rubuta shafinsa bai damu da ko mace ce za ta karanta ba. Marubucin Hausa ba shi da wannan hutu. In ya ce kai, ya bar mata a waje, alhali duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar coci ranar taron Zumuntar Mata ya san su wa suka fi riƙe ibada. In ya rubuta kai da ke a jere da 'yar sanda a tsakani, kamar takardar neman aiki, to ya kashe karatun a fili, domin ba mai iya furta wannan a gaban iyali. Wasu sukan fake da mu. Wannan ya fi daɗin ji, ya kuma dace da zaman iyali, sai dai mu yana da taushi, kowa na iya ɓuya a cikinsa ya ɗauka da maƙwabci ake. Gwanin marubuci shi ne wanda ya san inda zai tara jama'a da mu, da inda zai ware mutum ɗaya. Wanda kuwa ya yi tunaninsa da Turanci sannan ya juye shi cikin Hausa, ba ya ma lura akwai zaɓi. Mai neman abin rubuta kundin digiri, ga fili nan: ya ɗauki littafin shekara guda ya bi wakilan sunan da ke cikin nassi da na cikin bayani, ya ga sau nawa suka saɓa.

Karin magana da alkawari

Fassarar 1979 ta kira ɗaya daga cikin littattafan hikima Karin Magana, wasu fassarori kuwa suna ce masa Misalai. Sunan farko ya dace ƙwarai, domin yana gaya wa Bahaushe yadda zai karanta littafin. Babi 31 gare shi, shi ya sa wasu ke karanta babi ɗaya kowace rana ta wata. Mun san karin magana ba doka ba ce. Mu ne muke cewa da zafi zafi akan bugi ƙarfe, mu ne kuma muke cewa sannu ba ta hana zuwa, ba wanda ya taɓa cewa Hausawa sun ruɗe. Hikimar tana wajen sanin wadda ta dace da lokaci. Masu tara wancan littafi ma sun san haka, don a babi na 26 sun jera ayoyi biyu kafaɗa da kafaɗa, ta 4 ta hana a ba wawa amsa daidai da wautarsa, ta 5 ta ce a ba shi.

Amma shafin yini yana son abu tsayayye, saboda haka yakan ɗauki karin magana ya mayar da ita alkawari. Aya ta 6 a babi na 22, mai cewa tarbiyyar ƙuruciya takan bi mutum har tsufa, gaskiya ce irin ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka abin yakan kasance galibi. In aka karanta wa uwar da ta yi iyakar ƙoƙarinta ɗanta ya lalace wannan aya a matsayin tabbaci marar togiya, to an ƙara mata miki a kan miki.

A ɗan ratse a nan a taɓa kalmomi. Masu fassara sun yi dace da bangaskiya, kalma ce ta Hausa tsantsa wadda ma'anarta ke fili. Alheri kuwa, wadda suka ɗora wa nauyin baiwar Allah da ba a biya ba a kuma cancanta, ta shigo da nata kaya daga kasuwa. Mu a wurinmu alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato ana sa ran ya dawo wa mai shi. Abin da Bulus yake nufi a wasiƙunsa ya saɓa wa wannan lissafi. Mai bayanin da bai lura ba sai ya fara shafi da Bulus ya ƙare da karin maganar kakarsa, yana tsammanin abu ɗaya suke faɗi.

Abin da ba a zaɓa

Mai tsince hannunsa yakan kai ga nunannen ɗa ne. Ayoyin ta'aziyya da nasara su ke cika shafi, na kuka kuwa a bar su a reshe. Alhali a cikin Zabura waƙoƙin kuka da kai ƙara sun fi kowane nau'i yawa. Zabura ta 88 ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, ba ta juyo ta yi godiya ba kamar yadda 'yan'uwanta suke yi. Wannan guje wa ɗaci ba ƙananan marubuta kaɗai ya shafa ba, don ko cocin Katolika da ta sake tsara addu'o'in sa'o'in yini a farkon shekarun 1970 ta bar Zabura ta 58 da ta 83 da ta 109 a waje saboda zafin la'anar da ke cikinsu. Ana iya fahimtar dalili. Amma wanda ya binne ɗansa jiya, in ya buɗe shafin yau ya tarar ana ce masa ya yi murna, zai rufe littafin. Mai bin hanyar sauka ko ba jima ko ba daɗe zai iso Zabura ta 88, ya tarar akwai wanda ya riga shi shiga wannan hali.

Yadda Littafin da kansa yake yi

Abin mamaki, shi Littafin ya nuna tasa dabarar juya "su" zuwa "ni", kuma dabara ce ta mai ba da labari. A littafin Sama'ila na biyu, babi na 11 da na 12, Sarki Dawuda ya ɗauke matar Uriya ya kuma sa an kashe mijin a bakin dāga. Annabi Natan ya shigo fada. Bai fara da wa'azi ba. Ya kawo ƙara ce, wai akwai wani attajiri mai garkuna, da wani matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya tak wadda ya rena kamar 'yarsa, attajirin ya yi baƙo sai ya kama ta matalaucin ya yanka. Dawuda ya saki jiki ya shiga labarin, ransa ya ɓaci, ya yanke wa attajirin hukunci mai tsanani. Sai a sannan Natan ya sanar da shi cewa attajirin ba kowa ba ne illa shi. Da Natan ya fara da darasi, da sarki ya ɗaura ɗamarar kare kansa. Da yake ya bar labari ya yi aikinsa, sarki da bakinsa ya yanke wa kansa hukunci. Mu da muka tashi cikin habaici da gugar zana ba ma buƙatar a koya mana wannan, mun san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Shafukan da na fi yabawa a wannan nau'i su ne masu bin sawun Natan, waɗanda ke ɗaukar littafi guda su bi shi kwana da kwanaki, su faɗi wa ke magana da kuma wa ake yi wa, su jinkirta darasi har labari ya nuna. Raunana kuwa su ne masu gaggawa, irin mai tatsuniyar da tun Gizo bai fita daga gida ba ya tsaya yana gaya wa yara illar haɗama.

Littafin Yunusa ya isa gwaji. Babi huɗu ne, aya 48, ana iya karance shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Mai tsince yakan tsaya a kan kifi ya ce darasi shi ne kada a guje wa kiran Allah, shi ke nan a wuce. Amma kifin a tsakiyar labari yake. An aiki Yunusa ne zuwa Nineba, babban birnin Assuriyawa, abokan gābar mutanensa. Da ya je ya yi gargaɗi suka tuba aka yafe musu, sai ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya sa ya gudu tun farko ke nan, ya san za a ji tausayinsu shi kuwa ba ya so. Ya fita bayan gari ya zauna yana jiran ya ga ko za a hallaka su. Wani tsiro ya fito ya yi masa inuwa ya ji daɗi, kashegari tsutsa ta cinye shi, rana ta buge shi har ya roƙi mutuwa. Mai karatun da ke zaune a Kaduna ko Jos, inda unguwanni suka rabu bisa addini bayan rikice-rikicen 2000 da 2001, in ya bi labarin har nan, ba sai an rubuta masa darasi a ƙasan shafi ba, ya san wace unguwa ce tasa Nineba. A ayoyin ƙarshe Allah ya tambayi Yunusa, in shi yana jin zafin tsiron da bai shuka ba, yaya za a ƙi jin tausayin birni mai mutane fiye da 120,000 da dabbobi masu yawa. A kan wannan tambaya littafin ya rufe, ba a gaya mana abin da Yunusa ya amsa ba.